Zan kai Baba kallon sauyin masu gadi a Fadar Buckingham, a ina ya kamata mu tsaya?

Ɗan Tudun Wada ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san Landan ciki da bai.

A Coventry nake zaune da iyalina. Cikin watan Mayu, in Allah ya kai mu, mahaifina zai zo mana daga Zariya don ya ga jikarsa da aka haifa a nan, wadda bai taɓa ɗauka ba. Da na tambaye shi abin da yake son gani a ƙasar nan, bai ambaci kasuwa ko filin ƙwallo ba. Cewa ya yi in kai shi ƙofar gidan Sarauniya ya ga sojojin nan masu jar riga da doguwar baƙar hula. Har yau gidan Sarauniya yake ce masa, ko da yake ya san ta rasu tun 2022 kuma ɗanta Charles ne a kan gado.

Abin yana da tushe a wurinsa. Yana yaro aka tafi da shi Kaduna a 1956, lokacin da Sarauniya Elizabeth ta zo aka yi mata hawan daba. Wansa yana cikin mahayan da suka je daga Zazzau. Tun muna ƙanana yake ba mu labarin ranar, ƙurar dawaki da kakaki da yadda sarakuna suka wuce ɗaya bayan ɗaya. Yanzu yana so ya ga yadda su kuma suke yi a tasu ƙofar.

Damuwata ita ce Baba ya kusa shekara 80, yana fama da gwiwa, da sanda yake tafiya. Tsayuwar rabin awa ma wahala take ba shi. Hotunan da nake gani kuwa jama'a ce maƙil a bakin fadar.

To don Allah, wace rana ake yi, da ƙarfe nawa? Ana biyan kuɗi? A ina mai irin lalurarsa zai tsaya ya gani ba tare da an ture shi ba? Sannan akwai yiwuwar ya ga Sarkin da idonsa?

Maman Hanifa ta amsa:

Wa alaikumus salam. Allah ya kawo Baba lafiya, ya raya jaririya. Ni a Landan nake, kuma kusan duk baƙon da ya sauka a gidana daga gida sai ya ce a kai shi wurin nan, don haka na gan shi cikin sanyi na gan shi cikin zafi.

Ba a biyan ko sisi. Ranakun da aka fi yi su ne Litinin da Laraba da Juma'a, ƙarfe 11 na safe, kuma yakan ɗauki kamar minti 45. Amma jadawalin yana canzawa, saboda haka ka duba shafin Household Division, wato rundunar da ke gadin Sarki, a intanet kafin ka sayi tikitin jirgi, ka sake dubawa da safiyar ranar.

Shawarata guda ɗaya ce, kuma ina roƙonka ka ɗauke ta: kada ka kai Baba bakin ƙarafunan fadar. Wanda yake son sahun gaba a wurin sai ya iso tun kafin ƙarfe 10, ya tsaya a kan ƙafarsa har kusan 12, babu wurin zama, babu inuwa. Wanda ya makara kuwa ƙeyar mutane da wayoyin da aka ɗaga sama kawai zai kalla. Da zarar an fara, 'yan sanda kan tsare hanyoyin tsallakawa, in gwiwa ta motsa masa fita ma sai an sha fama. Na taɓa ganin wata dattijuwa ta zauna a ƙasa dirshan a tsakiyar cunkoson, jikokinta sun kewaye ta suna kare ta da jikinsu. Ba na so Baba ya shiga wannan.

Abin da yawancin baƙi ba su sani ba shi ne bikin ba a wuri ɗaya ake yin sa ba. Wuri uku ne. Masu gadin da za su sauka daga aiki kashi biyu ne, wasu suna Buckingham, wasu suna tsohuwar fadar St James, wadda Sarki Henry na VIII ya gina da jan bulo. Waɗanda za su karɓi aiki kuma daga barikin Wellington suke fitowa, a gefen fadar ta kudu. Kowane rukuni sai ya yi maci a kan titi kafin su haɗu, kuma a kan titin ne ake ganin su kusa da kusa.

Ga yadda nake yi da dattawa. Daga Coventry jirginku zai sauke ku a Euston. Ku shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa layin Victoria, tasha ta uku ita ce Green Park, kuma tana da lif har zuwa kan titi. In matakalar Euston za ta wahalar da shi, ku ɗauki tasi kawai, ku ce a sauke ku a fadar St James. Ku kasance a titin Marlborough kamar 10:15. A nan akwai wani ɗan fili da ake kira Friary Court, a buɗe yake ta gefen titi, babu dogon shinge. Wajen 10:30 sojojin za su fito su jeru, a duba su ɗaya bayan ɗaya, makaɗa su yi ɗan kiɗa. Tsakaninku da su bai fi faɗin titi ba. Baba zai ga ƙyallin takalmansu, zai ji muryar mai ba da umarni tana dukan bango tana dawowa. Da 10:43 sai su fito su bi ta gabanku su nufi titin Mall, wannan faffaɗan titi mai jar kwalta da ya miƙe har ƙofar Buckingham.

Kada ku bi su. Ku taka a hankali zuwa bakin Mall ku tsaya, domin a daidai wannan lokacin ne sojojin doki sukan wuce, sun taso daga barikinsu na Knightsbridge za su nasu sauyin gadin a Horse Guards, wani gini mai filin fareti a ɗaya ƙarshen lambun St James. Baƙaƙen dawaki ne manya, mahayan da kwalkwali mai ƙyalli da tuntu yana lilo, da takubba a zare. Mutumin da ya tashi a Zazzau, wannan ne zai fi shiga ransa, na tabbata.

Daga nan ku tsallaka cikin lambun St James, akwai bencina a bakin tafki. Ya zauna ya huta, ya sha shayin da kuka zo da shi a filas, ya kalli kwasakwasan da ke wurin. Tun 1664 ake kiwon su a lambun, jakadan Rasha ne ya fara kawo su kyauta. Kamar 11:40 ku koma bakin titi, za ku ga sabbin masu gadin St James sun taho daga Buckingham. Ka ga ya ga masu sauka, ya ga masu hawa, ya ga dawaki, kuma bai yi doguwar tsayuwa ba.

Sai bayan 12, jama'a sun watse, ku gangara ƙofar fadar ya tsaya a gabanta a natse, ku yi hoto. Ka nuna masa tutar da ke saman ginin. In tutar Sarki ce, mai ja da ruwan ɗorawa da shuɗi da zanen zakuna, to Sarki yana ciki. In tutar ƙasa ce, ba ya nan. Amma ganinsa da ido, ka gaya wa Baba tun yanzu kada ya sa rai. Ba ya fitowa don sauyin gadi.

Ka sa masa rigar sanyi ko da an wayi gari da rana, Mayun Landan ba ta da alƙawari. Ka kula da aljihunka, masu yankan aljihu sun san wurin. In za ka samu sandar nan mai buɗewa ta zama kujera, ka saya masa.

Bakanon Peckham ya amsa:

Hajiya ta gama magana a kan hanya, ba ni da abin ƙarawa. Ni tsorona daban ne. Mutumin da ya ga hawan 1956, ya kuma shekara saba'in yana ganin hawan Sallah da hawan Bariki da hawan Daushe a Zariya, ina jin tsoron ransa zai ɓaci. A wurinmu in an ce fada, Sarki ake nufi. Za a buga tambari, a busa kakaki, dogarai su ɗaga manyan rigunansu su kare shi, 'yan bindiga su cika gari da hayaƙi, hakimai su kawo jahi, shi kuma ya ɗaga hannu ya amsa. A Buckingham babu ko ɗaya. Sojoji ne suke miƙa wa sojoji aiki a gaban gidan da mai shi ma ba a ciki yake kwana ba. Sarki Charles a Clarence House yake zaune, nan kusa da St James, ita kuwa Buckingham tun 2017 ake gyaranta.

Ni da zan zaɓa masa, Hasumiyar Landan zan kai shi ya ga kambunan sarauta, ko fadar Windsor da ke wajen Landan, inda aka binne ita Sarauniyar da ya gani yana yaro. Can zai fi jin ya je wani wuri.

Kuma gaskiya ni jar rigar nan ba ta faranta min rai. In na gan ta, 1903 nake tunawa, da ganuwar Kano, da Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi.

Tsohon Soja ya amsa:

Ɗana Bakano, na ji maganarka kuma ban raina ta ba. Amma bari in gyara abu ɗaya. Rundunar da ta shiga Kano a watan Fabrairun 1903 ba waɗannan ba ne. Rundunar Turawa ta Afirka ta Yamma ce, ƙarƙashin Kanar Morland. Hafsoshin Turawa ne, amma yawancin masu riƙe da bindigogin baƙaƙen fata ne, da Hausawa da yawa a cikinsu. Abin da ɗaci, amma haka yake. Daga wannan rundunar sojan Najeriya ya fito, tushensa kuma tun 'yan sandan Hausawa da wani hafsan Bature mai suna Glover ya tara a Legas a 1863. A zuwan Sarauniya na 1956 ɗin nan da mahaifin mai tambaya ya gani ne ma aka sa wa rundunar Najeriya sunanta. Ni na yi aikin soja har na yi ritaya, kuma ranar da 'yata ta kai ni barikin Wellington na tsaya a bakin shinge, duk umarnin da sajan manjansu ya bayar na san shi kafin ya rufe baki. Faretin da aka koya mana a Zariya ne, ba a rage komai ba. Irinsa ne kuma rundunar tsaron shugaban ƙasa take yi a fadar Aso Rock a wasu bukukuwan 1 ga Oktoba.

Inda na yarda da kai shi ne a gaya wa dattijon gaskiya tun a gida: ba hawa zai gani ba. Hawa na Sarki ne da talakawansa. Wannan kuwa amana ce ake miƙawa daga hannu zuwa hannu, kuma kyansa yana cikin tsari. In ya san abin da zai duba, ba zai gaji ba.

Ɗan Tudun Wada, ka sa shi ya ƙirga maɓallan rigarsu. Runduna biyar ce take wannan gadi, rigarsu iri ɗaya, amma maɓallan sun bambanta. In ɗaiɗai suke a jere, Grenadier ne, da farin tuntu a hagun hula. In bibbiyu ne, Coldstream, da jan tuntu a dama, su ne aka kafa tun 1650. Uku-uku na Scots ne, hularsu babu tuntu. Hurhuɗu na Irish, tuntunsu shuɗi, wani lokaci za ka ga wani ƙaton kare yana tafe a gabansu, nasu ne na runduna. Biyar-biyar na Welsh, waɗanda aka kafa a 1915, tuntunsu fari da kore. Tun da a Mayu zai zo, jar rigar zai tarar. Da cikin hunturu ne, doguwar kwat mai ruwan toka suke sawa.

Hular kuwa fatar beyar ce, wata baƙar dabbar daji ta Kanada. Tsawonta ya kai kamu guda, amma nauyinta bai cika kilo ɗaya ba. Bayan yaƙin Waterloo na 1815, inda aka karya Napoleon, aka ba Grenadier izinin sa ta, domin irinta dakarun Napoleon na musamman suke sawa. A 2023 kowace ɗaya ta haura fam 2,000, kuma masu kare haƙƙin dabbobi sun daɗe suna neman a daina.

Abin da ke faruwa a cikin harabar, wanda ba za ku gani daga inda Hajiya ta ce ba, ga shi a taƙaice don ka ba shi labari kuna zaune. Sababbi za su shigo su fuskanci tsofaffi, su matso da tafiyar nan ta sannu, kowane ɓangare ya gaida ɗan uwansa da bindiga. Kyaftin biyu su fito su haɗa hannu, alamar an miƙa makullan fada. Daga nan a bi rumfunan gadi ɗaya bayan ɗaya ana sauke tsoho ana ɗora sabo, ana karanta masa dokokin wurin, 'yan badujala kuma suna ta kiɗa, har da waƙoƙin zamani. Wanda aka ɗora zai yi awa biyu a tsaye, sannan ya huta awa huɗu.

Kuma kada kowa ya ɗauka 'yan wasa ne. Bindigar hannunsu ta yaƙi ce, rundunonin nan sun je Iraƙi da Afghanistan. A da a wajen shinge suke tsayawa, sai a 1959 aka mayar da su ciki saboda 'yan kallo sun dame su. In suna maci mutum ya tare hanya, ba za su kauce ba, tsawa za su daka masa ya ba masu gadin Sarki hanya.

Wani abin da na san zai yi wa dattijon daɗi: a 2008 sojojin Malesiya, Musulmi, sun karɓi wannan gadi na wani lokaci. A 2012 kuma wani soja mabiyin addinin Sikh ya tsaya gadin da rawaninsa maimakon hular.

Ɗan Tudun Wada ya sake rubutawa:

Kai, Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Hajiya, tsarinki zan bi sak. Baba Soja, ranka ya daɗe, na kwafe bayanin maɓallan zan karanta wa Baba a waya tun kafin ya taso, na san zai haddace. Malam Bakano, maganar Windsor ta shige ni, zan sa ta a wata rana daban.

Sauran tambaya biyu. Juma'a ce kaɗai ranar da nake samun hutu a wurin aiki, kuma Baba ba zai yarda ya rasa sallar Juma'a don kallon soja ba. Zai yiwu a haɗa? Sannan ana shiga cikin fadar kuwa?

Maman Hanifa ta sake amsawa:

Zai yiwu sosai. A Mayu azahar ba ta shiga a Landan sai wajen ƙarfe ɗaya. In kun bar ƙofar fadar 12:15, ku koma Green Park ku shiga layin Jubilee, tasha ta biyu Baker Street. Daga can zuwa babban masallacin Regent's Park tafiya ce ta kamar minti goma sha biyar ga mai lafiyar ƙafa, don haka ku hau bas ko tasi. Ni da tasi zan ɗauka tun daga bakin lambun, saboda masallacin yana cika ranar Juma'a kuma kana so Baba ya samu kujera. Ka duba lokacin huɗuba a shafinsu. In ya yi alwalarsa tun a gida ya fi sauƙi, bayan gidan da ke cikin lambun St James akwai layi a irin wannan lokaci.

Shiga ciki kuwa, a Mayu ba lokacinsa ba ne. Daga Yuli zuwa Satumba ake buɗe ɗakunan karɓar baƙi ga jama'a, guda 19 daga cikin ɗakuna 775 da ke fadar, kuma da tikiti ne. An fara buɗewa a 1993 don a tara kuɗin gyaran Windsor bayan gobarar 1992. In zamansa zai kai Yuli, ka sayi tikitin da wuri, ka kuma gaya musu yana da lalurar ƙafa tun lokacin saye don su shirya masa hanyar da babu matakala.

Windsor da Malam Bakano ya kawo shawara ce mai kyau, ita ma ana sauyin gadi a can, galibi Talata da Alhamis da Asabar, kuma sojojin ta tsakiyar gari suke bi. Sai dai akwai hawan tudu daga tashar jirgi zuwa ƙofar, ka yi lissafin gwiwarsa. Cocin St George, inda kabarin Sarauniyar yake, ba a buɗe wa masu ziyara ranar Lahadi.

Abu na ƙarshe, ruwan sama. In ya yi ƙarfi sukan soke faretin, wani lokaci saura 'yan mintoci a fara. In hakan ta same ku kada ku juya Coventry. Ku je masallaci, ku ci abinci a Edgware Road, akwai gidajen abincin halal birjik, sannan ku nufi Horse Guards a titin Whitehall. Daga 10 na safe zuwa 4 na yamma akwai mahaya biyu a kan dawakinsu a bakin ƙofa, ana canza su duk awa, kuma da ƙarfe 4 hafsa yakan fito ya duba su kafin a mayar da dawakin barga. Wurin ƙarami ne, zai gan su dab da dab. Ka dai riƙe hannunsa kada ya kai ga linzami, don na san mutanenmu da doki. Akwai allo a wurin da ke gargaɗin cewa dawakin suna cizo suna harbi, kuma sojan zai daka wa duk wanda ya taɓa linzamin tsawa.